Baturiyar da Ta Kira Gayya

Ka ce maƙwabtanka a sabuwar unguwar da ka koma ba sa kula ka, har kana tunanin tattara kayanka. Zauna, ɗan nan, in ba ka labarin matar da muka rasa makon jiya, wadda har yanzu in na dama fura sai na ɗebi tata kafin in tuna.

Lokacin da muka sari dajin nan muka kafa tunga, gidajen ba su da yawa, kuma tsakanin gida da gida sai ka ci tafiya cikin ciyawar da ke rufe mutum. A nan wani mutuminmu da ya yi aikin jirgin ruwa a Ingila ya sauka da matarsa Baturiya. Mace ce mai ƙashi. Ta tuge kututture da hannunta, ta ɗauko jinka a ka, zazzaɓi ya sha kayar da ita tana tashi, rana ta gasa ta har ta yi ja kamar gauta. Abu ɗaya ne ba ta sani ba. A ƙasarsu wai ba a shiga gidan mutum sai ya kira ka. Don haka aka yi haihuwa ba ta zo barka ba, aka yi rasuwa ba ta zo gaisuwa ba, tana gida tana jiran a aiko. Mutane suka ce girman kai ne, suka fita harkarta. Ana nan maciji ya sari mijin da kaka, ya bar ta da goyo. Aka binne shi, aka yi mata gaisuwa, aka watse. Danginta suka aiko ta koma gida, ta ce ba ta barin kabarinsa a daji. Amma ta san in gonar dawarsu ta mutu, ba abin da za ta ci, dole ta tafi. Ta fita takaba, da damina ta sauka ta yi shuka ita kaɗai, ciyawa ta fi ƙarfinta. Sai ta kira gayya kamar yadda ta ga ana yi, ta tuƙa tuwo tukunya-tukunya, ta dama kunu. Har rana ta take ba fartanya ko ɗaya.

Da la'asar na biyo ta wurin da itace a kaina, na tarar da ita zaune gaban tuwon da ya huce. Ta ce da gurguwar Hausarta, "Yaya, me na yi wa mutane?" Na ce, "Gidan wa kika taɓa takawa?" Ta ce ai ba a kira ta ba. Na ce, "Kira? Ke sarauniya ce? Nan ba a kiran mutum, zuwa yake yi."

Ba ta yi musu ba. Gari na wayewa ta goya ɗanta ta shiga raɓa. Ta yi gaisuwar mutuwar da ta shekara, ta yi barkar yaron da har ya fara gudu. Ana ta mata dariya, ita ma tana yi, inda ta tarar ana daka sai ta karɓi taɓarya. Ba a jima ba maza suka faɗa gonar nan da sassafe, ba wanda ya kira su, kafin azahar sun share ta. Dawa ta yi, Baturiya ta zauna. Tun daga nan ba ciwo, ba suna, ba rashi a tungogin nan da ba a ga ƙafarta ba. In rafi ya cika ta tattare zane ta ratsa. Da gwiwa ta gaza sai ta yi sanda. A hanyar dawowa daga duba wata mai jego ta zauna gindin ɗorawa ta huta, ba ta tashi ba. Ni na yi mata wanka, na ga tafin ƙafar nan duk faso, ya fi nawa kaushi. Masu ɗaukar makara har rige-rige suke yi, wasu daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba.

To kai da kake da harshe ɗaya da maƙwabtanka, tashi ka je. Hausawa sun ce, zumunta a ƙafa take.