Wani Mai Bincike a Yamai

Dakta Zailani Tanimu ya sake buɗe littafin Farfesa Oumarou ta baya, inda ake jera sunayen waɗanda aka ɗauko aikinsu. Ya bi da yatsa har ƙasa. Turawan Faransa na nan, 'yan Dakar na nan, har da wani Bature da bai yi komai a Yamai ba sai zazzaɓi. Sunansa ne kawai babu.

Ga shi kuwa rabin littafin guminsa ne. Tun da fari ya kama, kogin Isa, wato Neja, ya janye har ana tsallaka shi da ƙafa, shi ne ke bin kududdufan da suka rage, laka har gwiwa, yana tsintar katantanwa. Shi ya gano cewa fari ba ya kashe tsargiya, cutar fitsarin jini, tara ta yake yi. Ruwa ya ragu, katantanwar da ke ɗauke da cutar ta cushe wuri guda, mutanen da yunwa ta koro daga karkara su sauka a nan su yi wanka. Ya buga takardu a kan haka har ya gaji.

Amma Farfesa Oumarou, tsohon da kowane masanin cututtukan Sahel ke farawa da littafinsa, duk inda ya zo kan aikin sai ya rubuta: "kamar yadda wani mai bincike a Yamai ya nuna." Masanan waje kuwa ba su da lokacin cigiya. Su ambaci Farfesa, su wuce abinsu.

Da a da ne, da ba komai. Yanzu sojoji sun ɗora wani kumandan a kan cibiyar binciken da Zailani ke aiki, ya kuma ce duk sashen da duniya ba ta ambaton aikinsa za a rufe shi, a tura shugabansa Bilma, can cikin hamada. Kumandan bai san katantanwa ba, bai kuma damu ya sani ba, amma ya iya duba jerin suna. In aka rufe sashen Zailani, babu mai sake leƙa kududdufan nan, alhali masu fitsarin jini kullum ƙaruwa suke.

Zama ya gagare shi. Ya shiga biro, wato ofishinsa, ya fito, ya koma, ya ja kunnensa na hagu kamar yadda ya saba in abu ya dame shi. Madam Asma'u, abokiyar aikinsa, ta kasa haƙuri.

"Hassada ce, Dakta, ba wani abu ba. Tsohon nan ko kallonka ba ya yi a taro. Ka kai ƙararsa mana!"

"A bar maganar, Madam," in ji shi.

Ran Juma'a ya hau mobilet ɗinsa ya nufi unguwar Lazaret, gidan Farfesa. Tun daga zaure ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma. Farfesa ya amsa gaisuwar yana kallon bango, ya tambayi lafiyar Tanimu, kawun da ya riƙe Zailani a Tawa ya sa shi lakwal, makarantar boko. A gefen tabarmar ga takardun Zailani a ɗaure, gefensu ya yi baƙi don yawan buɗawa. Zailani ya zo da magana cike da baki, ya koma da ita yadda ya zo da ita.

Ranar hukunci zafi ya yi zafi, fanka tana juya iskar banza. Kumandan ya sa an ɗauko Farfesa don ya ba da shaida. Ya buɗe littafin, ya danna yatsa a shafi.

"Farfesa, wannan wani mai binciken naka, wane ne?"

"Yana cikin ɗakin nan, Kumandan."

"Ɗakin nan cike yake da masu bincike. Suna nake so."

Tsohon ya gyara zama. Mutumin da ya yi jawabi a Paris ba takarda a hannu, yau ga shi yana zufa, yana jan kunnensa na hagu. Asma'u ta yi tsaki a hankali. Kumandan ya duba agogo, ya zare murfin alƙalami.

Zailani ya miƙe zumbur. Tausayin tsohon ya kama shi har ya manta da kududdufai.

"Kumandan, a ƙyale shi. Na yarda, a tura ni Bilma."

Farfesa ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba, Zailani ya koma ya zauna kamar ɗan lakwal. Tsohon ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Aikin duka nasa ne," ya ce. "Ban ƙara masa ko ɗigo ba. Zailani. Sunansa Zailani."

Kumandan ya rubuta, ya ce sashe ya tsira, a kira na gaba. Asma'u ta juyo da murna za ta yi wa Dakta barka, sai ta tarar ya kife fuska a tafin hannu yana kuka wiwi a gaban soja. Ta ɗauka daɗin tsira daga Bilma ne.

Ba Bilma ba ce. Tun ranar da aka raɗa masa sunan, yau ne karo na farko da Zailani, ɗan fari, ya ji shi a bakin mahaifinsa.