Bugun Zuciyar Auta

Duk sa'ar da Kawu ya kama hannun Auta, sai lambobin da ke jikin na'ura su hau sama.

Uwar ce ta fara lura. Tun da aka kwantar da autan nata a sashen masu jinya mai tsanani, bututu a maƙogwaro, ido a rufe, ta koyi karanta allon nan kamar yadda ta koyi baƙi, da kaɗan-kaɗan. Koren layin shi ne zuciya. In ita ta zauna tana jan carbi, layin yakan tafi a natse. In ƙanenta ya shigo, sai layin ya hau tsalle.

"Kin gani ko, Yaya?" in ji Kawu. "Ɗana ya san muryata."

Ta share hawaye. Ai dole. Shi ya koya wa yaron aikin gini, shi ya ɗauko shi a kafaɗa ranar da ya faɗo daga bene, ba kowa a wurin sai su biyu. Ko ana gobe abin zai faru, da Auta ya dawo gida yana huci, wai siminti na ɓata a wurin aiki kuma zai faɗa wa mai ginin, cewa ta yi ya fara shawartar kawunsa.

Kullum Kawu sai ya tare nas a bakin ƙofa. "Sista, in ya farka, zai tuna komai kuwa?"

Nas ɗin ba mai yawan magana ba ce. Marar lafiya ɗaya aka ba ta, idonta kuwa ba ya barinsa. Ta juya shi, ta zuƙe majinar bututu, ta duba ƙwayar idonsa, ta dubi zufar da ke karyo masa a goshi bayan kowace ziyara. Rannan ta yi magana da likita, ta fito ta ce daga yau uwa kaɗai za ta shiga.

Ran uwar ya ɓaci. "'Yar nan, ki ji tsoron Allah. Ki raba shi da wanda zuciyarsa ke amsa wa?"

"Mama, ba murna kaɗai ke sa zuciya gudu ba."

Uwar ta daina gaishe ta. Har a sujada ta kai ƙararta.

Da Kawu ya daina shiga, layin ya lafa. Numfashi ya dawo, aka cire bututu. Uwar ta durƙusa bakin gado tana hamdala, ta ce bari ta kira kawunsa ya zo ya ga ikon Allah.

Yatsun Auta suka damƙe gefen mayafinta. Ta kai kunne bakinsa, muryar kamar ana jan yashi.

"Umma, kar ki kira shi. Shi ya turo ni."