Matar da Ke Gefen Hoto

Ka ce kuɗin hannunka ba su da yawa, kana kuma so ka haɗa kwamfutar tace bidiyo a gida. To, Malam, ajiye wannan katin hoton da ka ƙwallafa wa rai tukuna, wato na'urar da ke sarrafa hoto a cikin kwamfuta, ka gyara zama. Ni ba na hana mutum sayen abin da ransa ke so, amma ina da wani misali da nake ba duk wanda na ga idonsa ya kafe a kan kaya ɗaya.

An yi wani mai ɗaukar bidiyon biki a wani gari, har ya yi furfura a kan sana'ar. Matarsa kuwa girkin biki take yi, don haka sau da yawa gida ɗaya ke kiransu, shi yana tsakar gida da kyamara, ita tana can wajen tukwane. Ba ta son a ɗauke ta. In ya juyo da kyamara wajenta sai ta ja mayafi ta ce ya je ya ɗauki masu kwalliya. Da Allah ya yi mata rasuwa, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa a wani gari, sai ya duba ya ga shi da ya cika gidajen mutane da hotuna ba shi da bidiyon matarsa ko ɗaya. Abin da ya rage sai gilmawarta a bikin wasu, cikin tsofaffin kasusuwan bidiyo da katunan memori da ya tara a akwati: nan ta wuce da tire a bayan amarya, can an jiyo dariyarta daga madafa, wani wurin ma hannunta kawai ya shigo yana miƙa kwano. Gida ya yi masa faɗi, ba mai ce masa sannu da zuwa, kewa kuma ta dame shi. Sai ya ƙudura zai tsinto waɗannan gilmawar, ya yanke, ya jera, su zama fim guda da zai riƙa kallo. Ba aikin da zai kai shagon tacewa ba ne, ya zauna yana share hawaye a gaban mutane. Dole sai kwamfuta a ɗakinsa.

Kuɗinsa ba su kai na sabuwa ba, sai ya shiga kasuwa zai haɗa da kansa. Bai shawarci kowa ba, wadda ya saba shawarta ita ce babu. Abu ɗaya ke ransa: fuskar nan tana can ƙuryar hoto, 'yar ƙarama, dishi-dishi, yana so ya jawo ta kusa ta fito tar. Aka ce masa wannan aikin katin hoto ne mai ƙarfi da allo mai kyau. Shi ke nan, ya toshe kunne. Ya sayi allo sabo dal, ya samu firosesa da ram, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, daidai gwargwado. Da aka zo kan rumbun ajiya, wato faifan da duk bidiyon zai zauna a ciki, da kuma akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, sai ya ce ai waɗannan ba a ganinsu, ba su ƙara wa fuska haske. Ya ɗauki na gwanjo, irin waɗanda ake zubewa a kan tabarma ba a san hannu nawa suka bi ba. Sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta kuwa ya ce sai wani jiƙon. Duk da wannan matsi katin hoton ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya yi dabarar da ya ga kamar wayo ce. Ya juye duk bidiyon da ya tara a akwati a kan rumbun nan guda ɗaya, sannan ya kwashi kyamara da kasusuwa da katunan memorin ya sayar wa masu gogewa su sake sayarwa. Da kuɗin ya ɗauko katin hoton, ya rungumo shi zuwa gida kamar jariri.

Katin bai yi masa ƙarya ba. Ya jawo fuskar ta cika allo, har zanen da ke kumatunta ya gani, ya zauna yana yi mata magana shi kaɗai. Aiki ya yi nisa, sai wata rana da la'asar hadari ya taso, aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi. Ya ji wani ɗan ƙara, ƙauri ya biyo baya. Akwatin wutar ya ƙone, ya tafi da rumbun. Katin hoto da allo kuwa ko ƙwarzane ba su yi ba. Ya zaga masu gyara, kowa ya jujjuya faifan ya miƙo masa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya bi gidajen da ya yi wa aiki yana roƙon kwafinsu. Waɗanda ba su yar ba suka kunna masa. Ga amarya, ga ƙawaye, ga rawa, komai tsaf, amma duk inda gefen tire ya fara leƙowa sai hoton ya tsallake. Shi da kansa ya sa aka yanke ta tun a wancan lokacin, don ba wanda ke son ganin mai girki a bidiyon bikinsa. Ya koma gida, ya sa wani akwatin wutar, allo ya kama tar, ba shi da abin ɗorawa a kai.

Don haka, Malam, rage wa katin nan daraja, ka fara da inda aikinka zai kwana da wutar da za ta ciyar da shi, kada kuma ka rabu da na asali don ka yi kwafi ɗaya. Irin wannan ne Hausawa suka hango da suka ce garin neman gira aka rasa ido.