Guɗar Inna Tabawa

Tun da Hukumar Daidaito ta sanar cewa gwagwarmayar mata ta ƙare, aka haramta guɗa, domin da ita mata ke kiran juna zanga-zanga a da. Kowane gida an liƙa masa na'urar sauraro mai 'yar fitila.

Ranar sunan jaririyar Lantana, mata suka cika tsakar gida, shiru kamar zaman makoki. Sai mahaifiyarta, Inna Tabawa, wadda ta bar haƙoranta a wajen zanga-zangar, ta miƙe.

"Inna, don Allah ki zauna," in ji Lantana. "In fitilar nan ta yi ja, tafiya za su yi da ke. Ai mun samu komai, har kujerar majalisa."

"Wa ya samo muku? A haifa mini jika mace, in karɓe ta kamar kayan sata?"

Ta kama hanci za ta rangaɗa, sai tari ya sarƙe ta. Tsufa ya cinye muryar. Fitilar tana nan koriya.

Lantana ta dubi uwarta, ta dubi 'yarta, sannan ta kai hannu hancinta.

"Inna, ta ina ake kamawa?"