Ɗan Takarar Wutsiyar Kanal

Sammani bai gama cewa "jama'ar Unguwar Ɗinya" ba, wani daga baya ya ɗaga murya cewa ruwa ya iso. Kafin ya sauke lasifika daga bakinsa, filin firamare ya watse. Kujerun roba ne suka rage, sai wata akuya da ke cin gefen fostarsa.

Karo na uku ke nan.

Sammani ya yi shekaru a Fatakwal yana tuƙa motar kamfani. Ya zo gida hutu da ƙaton agogo da bakin da ba ya gajiya, kullum yana ƙofar masallaci yana koya wa dattawa yadda ake tafiyar da gari. Ana haka sai kawunsa Baballe ya zo da Malam Badamasi, shugaban manoman rani, suka ce sun duba mazaɓar nan kaf, babu wanda ya dace ya tsaya wa 'yan adawa takarar kansila sai shi. Ya ja aji na yini guda, ya karɓa.

Unguwar Ɗinya a wutsiyar kanal take. In an sako ruwa, sai gonakin gaba sun sha sun ƙoshi kafin ragowar ta gangaro, wani zubin ma ba ta isowa. An kai kuka har an gaji. Amma tunda Sammani ya fito, duk ranar da ya sa gangami sai kanal ya cika maƙil, daidai lokacin da ya hau tebur. Manomin rani kuwa in ruwa ya zo, ko ɗaurin aurensa ake yi tashi zai yi.

Sammani bai sha wuyar gane dawar garin ba. Kansila mai ci da 'yan jam'iyyarsa ne ke sa a buɗe ƙofar ruwa don su watsa masa taro.

"Tsorona suke ji, Kawu," in ji shi.

Baballe ya gyaɗa kai, ya ce ai kowa ya shaida.

Abin da ke ƙara masa ƙarfin gwiwa shi ne irin zuwan da mutane ke yi. Tun kafin a kafa rumfa sun hallara, kowa da fartanya a kafaɗa, wando a naɗe har gwiwa. Har a jawabi yakan yaba musu, ya ce ga talakawa na gaske, waɗanda ba sa jin kunyar sana'arsu. Ranar taro kuwa ba ya sa ta da ka. Baballe ne ke cewa a ba shi lokaci ya zaga ya ji ta bakin jama'a, sai ya dawo da yamma da laka a farce ya faɗi rana.

Bayan watsewar taro na ukun, Sammani ya kawo dabara irin ta waɗanda suka ga duniya: a yi na gaba a asirce, a zauren wani, babu shela, babu fosta, a ga ta inda abokan hamayya za su ji. Malam Badamasi ya kusa ƙwarewa da goro. Ya ce wannan ai tsoro ne, namiji ba ya ɓoye gangaminsa. Nan take ya ba da aron babur ɗinsa, a ɗaura lasifika a zaga har cikin garin Kura, a kuma tabbata an bi ta ƙofar gidan kansila, tafiya da dawowa.

Sammani ya ji kunyar kansa. Irin wannan ƙauna, ina zai same ta a Fatakwal?

A makon nan ne maigidansa na Fatakwal ya bugo waya. Hutu ya ƙare tuni, ko dai ya dawo, ko a ba wani makullin motar. Mahaifiyarsa ta ce ya kama hanya tun da girmansa, siyasa ba ta cika tukunya. Sammani ya tsaya a bakin kanal yana kallon tumatirin da rabon garin da irinsa an manta, ya tuna fuskokin da ke jiransa a rana da fartanya a kafaɗa. Ya kira maigidan, ya ce a ba wani makullin, shi jama'arsa na bukatarsa.

Daga nan ya nufi lambun Baballe don ya zama na farko da zai ji wannan sadaukarwa. Ya kutsa ta cikin masarar da ke kan iyaka, ya hango dattawan biyu a tsugune sun ba shi baya. Malam Badamasi yana addu'ar Allah Ya sa a ɗage zaɓen nan har a cire albasa, yana cewa alkamarsa dai za ta iya haƙuri zuwa Asabar.

Baballe ya damƙo ƙasa, ya murje ta, ta zube kamar gari.

"Tumatirina ba zai kai Asabar ba," ya ce. "A gaya wa yaron nan ya sa gangami jibi."