Lambobin Marigayi

"Ɗaga shi sama kaɗan, yadda duk wanda ya shigo zai fara cin karo da shi," in ji maigidan.

Mai firam ya gyara tsayuwa a kan kujera, ya sake buga ƙusa. Kwana huɗu ya yi yana haɗa akwatin gilashin nan. Ya jera lambobin yabo uku a kan jan ƙyalle, ya sa hular soja da bel, ga hoton wani sajan yana saurayi a tsakiya.

"Allah ya jiƙan Baba," maigidan ya ce wa abokansa da suka cika falon, yana goge ido. "Ba ni da abin alfahari kamarsa."

Suka amsa da amin. Mai firam ya nemi wurin wanke hannu, aka ce ya zagaya bayan gida, akwai famfo.

Tun kafin ya isa zarnin fitsari ya doke shi. Daga wani ɗan ɗaki yake fitowa, kusa da kejin kaji. Ya toshe hanci ya leƙa. Wani tsoho ne kwance a kan jiƙaƙƙiyar katifa, ƙudaje sun rufe kwanon da ke gefensa.

Tsohon ya ɗago kai da ƙyar.

"Bawan Allah, taimaka ka kira mini ɗana. Lambobina na soja suna ƙarƙashin filo, yau sati guda ban gan su ba."