Awa Huɗu Daga Warsaw Zuwa Lisbon

"Saura minti nawa mu sauka?" Radek ya sake tambayar ma'aikaciyar jirgin, karo na uku ke nan. 'Yarsa Zosia tana barci a kafaɗarsa. Hannunsa ya sage, amma ya ƙi motsawa.

Tsohuwar da ke gefensa ta yi dariya. "Ɗana, wannan ɗoki haka? Ai Lisbon ba guduwa za ta yi ba."

Can matuƙin jirgin ya yi albishir: iska ta taimaka, za su sauka minti ashirin kafin lokaci. Fasinjoji suka ɗau tafi.

Radek ya fashe da kuka.

"Mama, kotu ta ba uwarta ita. Tana can tana jiran mu a ƙofar fita. Awa huɗun nan kaɗai suka rage mini, su ma ga shi an gutsure."